Sarƙaƙiyar Yamma

A kakar da Darambawa suka ɗaura wa Birnin Sangaru yaƙi, magana ta zaga gari cewa kurayen sarƙaƙiyar yamma sun daina kuka. Masu duba na fada suka buga ƙasa suka ce alheri ne, wai kura alamar Sarkin Darambe ce, shirunta kuwa shirunsa ne. Maroƙa suka ɗauka suka sa a kiɗa. Kafin kwana bakwai, ko mai tallan fura ka tambaya za ta gaya maka an ci yaƙin tun ba a fita ba.

Iya Tasalla ba ta yarda ba. Ita ce ƙanwar mahaifin Sarki Anaruwa, kuma ita ke riƙe da sarautar Iya, uwar matan birni duka. Ta ga sarakuna uku, ta binne biyu. A saninta kura ba ta san Sarkin Darambe ba balle ta yi masa shiru. Abin da ke tashin kura daga makwancinta shi ne ƙafar mutum.

To amma ƙafar wa? Sarƙaƙiyar yamma ba wurin ƙafa ba ne. Kakannin Sangarawa suka shuka ta tun ana gina ganuwa, ƙaya mai ƙugiya, ta haɗe ta cukuikuye har faɗinta ya kai harbin kibiya uku. Saboda ita ba a yi ƙofa a yamma ba, ganuwar wajen ma ba ta kai rabin tsayin ta gabas ba. Doka biyu ke kanta: ba a sa mata ƙarfe, ba a sa mata wuta. Aikin Iya ne duk farkon damina ta hau ganuwa da matan unguwanni, kowace da ƙwaryar irin ƙaya, su watsa ta baya don sarƙaƙiyar ta ƙara kauri. Ana kiran wannan jifan iri. Shekara huɗu ke nan ba a yi ba. Galadima Nagoma, wanda ganuwa ke hannunsa, ya ce ta tsage ta sama, ba za ta ɗauki taron mata ba sai an gyara. Aka sa dogari a matakala. Gyara bai zo ba. Iya kuwa gwiwa ta fara damunta, ta ji daɗin hutun, ba ta matsa ba. Wannan ne ya fi cin ranta daga baya.

Ta aika aka kira mata Yalwa, wata tsohuwa mai kaɗi da ke zaune a Unguwar Masaƙa, gindin ganuwar yamma. Tun suna 'yan mata suka san juna.

"Yalwa, ke da ke kwana a gindin ganuwa, yaushe rabonki da jin kura?"

"Ranki ya daɗe, ai ni na ji daɗin shirun. Awakina har sun yi ƙiba."

"Ba ƙibar awaki na tambaye ki ba."

"Shekara uku, ko da ɗoriya. Mutanen fada ne dai sai bana kunnensu ya buɗe, da yake suna neman abin faɗa."

Iya ta lura yatsun Yalwa uku a naɗe suke da tsumma. Ta tambaye ta me ya same su.

"Audugar gidan Galadima ce, wadda ake sayar mana. Wai fatake ke kawo ta daga kudu, tafiyar wata guda. Auduga kam ba laifi, sai dai ƙaya. Kina cikin gurza ta sai ki ji ta kama ki."

Ta zaro ɗan curi daga lefenta ta miƙa. Iya ta baza shi a tafin hannu, ta ciro ƙaya ɗaya, gajeriya mai lanƙwasa, gindinta bai gama bushewa ba. Ta ɗauki angurya ta gatsa, ta ji da sauran laushi. Audugar da ta yi wata guda a bayan jaki ba ta zuwa haka.

"Kin san wannan ƙayar?"

"Ni kaɗi na sani, ranki ya daɗe."

"Kin san ta."

Yalwa ta sunkuyar da kai. "Na dai san ina da jikoki shida a gindin ganuwar nan."

Washegari da hantsi Iya ta ɗaura zanen sarauta, ta ɗauki sandarta, ta nufi matakalar yamma. Dogarin da ke tsaro, wani ƙato mai suna Nasamu, ya faɗi ya yi gaisuwa, sannan ya miƙe ya tare hanya.

"Allah ya ba ki haƙuri, Iya, an hana hawa."

"Wa ya hana?"

"Galadima."

"Galadima ya ce kada ka bari a hau. Ya kuma ce ka taɓa zanen Iya?"

Nasamu ya dubi zanen. Kowa a Sangaru ya san namijin da ya taɓa shi hannunsa ya tafi. Iya ta sa ƙafa a matakin farko, ya ja da baya taki ɗaya. Ta sa a na biyu, ya ƙara ja. Haka suka yi ta hawa, shi da baya yana roƙo, ita tana nishi tana dogara sanda, har suka kai sama. Ba ta ga tsaga ko ɗaya ba.

Ta leƙa. Daga gindin ganuwa ƙaya ce baƙi ƙirin kamar yadda ta san ta, amma kaurinta bai wuce taki talatin ba. Bayan wannan sai fari fat. Gonar auduga ce iya ganinta, kudu da arewa, da rijiyoyi biyu, da bukkokin bayin gandu, da tarin audugar da aka tsinka an jibge ta fi tsayin mutum. Can nesa akwai wani siririn layin ƙaya da aka bari don mai wucewa ta waje ya ga sarƙaƙiya na nan. An sare hanya ta tsakiya, mai faɗin jaki biyu da mangala, ta fita har waje, an toshe bakinta da busassun rassa. Tana tsaye ta ga jakuna huɗu sun taho da kaya sun shige ƙarƙashin ƙafafunta. Wuriyar da ruwan damina ke fita ta cikinta ce aka faɗaɗa, ta zama ƙofa, bakinta na ciki yana cikin wani ɗakin ajiya.

"Iya, don Allah kada ki ce ni na bar ki," in ji Nasamu.

"Ai ba ka bar ni ba. Tare muka hau, kai ne ma a gaba."

Bayan azahar aka buga tambari, majalisa ta zauna. Sarki Anaruwa na kan gado, Galadima a dama, Madawaki Arzika shugaban mayaƙa a hagu, Iya a kan tabarmarta kusa da ginshiƙi, inda ta shekara talatin tana zama. Manzo ya shigo da gumi ya faɗi.

"Zaki, Darambawa sun sauka a Mashigin Kuka, kudu da birni, tafiyar yini ɗaya. Tutocinsu sun cika bakin gulbi."

Madawaki ya gyara zama. "Allah ya ba ka nasara. Shawarata mu fita da duk mai iya ɗaukar baka, mu tare su kafin su haye ruwa. Ƙofofin gabas da kudu da arewa a bar musu tsofaffin dogarai. Yamma kuwa kakanninmu sun riga sun tsare mana ita. Tun da aka kafa birnin nan ko akuya ba ta taɓa ratsa ta ba."

Fadawa suka amsa, "Gaskiya ne."

Iya ta juya ga manzon. "Ɗana, tutoci ka gani. Dakaru fa?"

"Dawaki da yawa, Iya. Dakaru kaɗan na gani."

"Suna baya," in ji Madawaki. "Ƙafa ba ta tafiya da kofato."

Iya ta miƙe a hankali, ta zo gaban gado ta ajiye curin audugar a ƙasa. "Zaki, Allah ya ja zamaninka. Yau da hantsi na hau ganuwar yamma. Babu sarƙaƙiya. Fatarta kawai aka bari, ciki gonar auduga ce, da hanyar jakuna daga daji har cikin birni. Idan Madawaki ya kwashe maza zuwa kudu, duk wanda ya san bakin hanyar nan zai shigo Unguwar Masaƙa ba tare da ya hau katanga ba. Ina roƙo a bar 'yan baka ɗari biyu a yamma. Galadima kuma ya gaya wa majalisa wa ya ba shi izinin sa ƙarfe a ƙayar kakanninmu."

Galadima ya yi murmushi, ya shafa gemu.

"Zaki, Iya uwarmu ce, ba a musu da ita. Amma mai shekara tamanin ta hau katanga cikin rana ba ta karya ba, ta dubi furen ƙaya, dole ta ga auduga. Ni ma in na yi azumi nakan ga tuwo a sararin sama."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Saba'in da huɗu," in ji Iya. "Ƙaya kuwa ba ta fure da kaka, ka tambayi kowane makiyayi. Ba sai an yarda da idona ba. Daga nan zuwa matakala bai kai a tafasa ruwa ba. Madawaki ya tashi ya je ya gani."

Madawaki ya dubi Sarki, ya fara tattara rigarsa.

"Zauna, Madawaki," in ji Sarki. Bai dubi audugar ba. "Ba za mu bar maƙiyi a bakin gulbi mu tafi kallon katanga ba. Sarƙaƙiya na nan yadda kakanninmu suka bar ta. Gobe da sassafe za mu fita, ni da kaina. Galadima zai riƙe gari kamar yadda aka saba. Iya ta gaji, a raka ta gida."

Ba ta tafi gida ba. Ta bi shi har soron ciki, bayi suka kauce mata. Da suka rage su biyu ya cire alkyabba ya zauna, bai ɗago kai ba.

"Anaruwa, sarkin da aka ce masa an ɓarke katangarsa yakan yi fushi, ko da mai faɗa ko da wanda aka faɗa a kansa. Kai ba ka yi da kowa ba."

"Gwaggo, ki bar maganar nan."

"Gonar taka ce."

"Tawa ce. Galadima tsaro kawai yake yi mini. Kin san yadda na hau gadon nan, ɗan'uwana yana da rabin fada. Kowa ya zo gaisuwa sai ya tafi da riga, kowace salla sai doki. Daga ina? Ƙasar nan ta shekara ɗari biyu ba a taɓa ta ba, ki jefa iri ki juya baya ya fito. Tana zaune kuraye na haihuwa a kanta."

"Sabon benen da ka gina ma masu gaisuwa ne suka tafi da shi? Da raƙuman nan sittin da aka ce na surukinka ne?"

Ya murza kunnensa na hagu.

"Wa ya san bakin hanyar ta waje?"

"Fatake uku da ke sayen rabin audugar. Sun rantse mini."

"Sun rantse maka, sannan suka wuce Darambe sayar da gishiri. Ba ni ɗari biyun."

"In na ɗora 'yan baka a kan ganuwar nan, kafin la'asar mutum ɗari biyu sun ga abin da kika gani. Kin san hukuncin wanda ya sa wa sarƙaƙiya ƙarfe. Masu zaɓen sarki za su cire mini rawani tun ban ga Darambawa ba. Ki bar ni in ci yaƙin nan, Gwaggo. In na dawo zan sa a watsa iri, a toshe wuriya, shekara biyar babu wanda zai sani. Gidanku ne fa, gidan ubanki."

Iya ta dube shi. Ita ta yaye shi lokacin da uwarsa ta rasu, har yanzu in ya rasa abin faɗa yakan murza kunnensa na hagu kamar yana ƙarami. Ta fita ba ta yi sallama ba.

Da sassafe runduna ta fara fita ta Ƙofar Kudu. Iya ta tsaya a bakin ƙofar har Madawaki ya iso, ta ɗaga sanda. Ya sauko daga doki.

"Arzika, ka taɓa jin na yi ƙarya?"

"Ban taɓa ba, Iya. Amma Sarki ya faɗa a gaban majalisa cewa babu. In na raba runduna a kan maganar da ya ƙaryata, sunansa tawaye, ga kuma maƙiyi a gaba." Ya rage murya. "Maharban daji talatin sun zo jiya da kibau masu dafi. Ba a ƙarƙashin tutata suke ba, ban kuma ce su biyo ni ba. Suna zaurena. In uwar gari ta kira su farautar kura, ba ruwana."

Ta so ta gaya masa sauran, bakinta ya ƙi. Ya hau doki ya tafi.

Yinin nan Iya ba ta zauna ba. Ta tara matan Unguwar Masaƙa, ta sa kowace ta kawo tukunyar garwashi da man gyaɗa da tsummokara. Ta hau da su ganuwa, Nasamu na gefe ya rungume hannu. Da matan suka leƙa, Yalwa ce ta fara magana.

"Ashe a bayan ɗakina ake noma ta, ni kuma ina sayenta da tsadar kudu."

Maharba suka naɗa tsumma a kan kibau suka tsoma a mai. Iska na busowa daga gabas, daga birni zuwa daji, Iya ta jiƙa yatsa ta ɗaga sau uku kafin ta gamsu.

Galadima ya iso da dogarai goma, yana haki. Da ya ga tukwanen garwashi sai fuskarsa ta canza.

"Iya, wuta? Ke da aka ba amanar ƙayar nan?"

"Wadda aka ba ni amana an sayar da ita, Nagoma. Wannan shinge ne."

"Audugar shekara guda ce a jibge a can. In ta ƙone, kin san kan wa za a sare. Ba na mai gonar ba."

"Na sani. Ba zan sa wuta ba sai na ga Darambawa da idona. In ba su zo ba, ka ɗaure ni ka kai wa Sarki, ka ce tsufa ne. Amma bayin gandun nan mutum nawa ne?"

"Tamanin, da mata da yara."

"Shigo da su yau."

Ya tsaya yana duban gonar, yana duban hanyar da ta miƙe har daji. Shi ya auna faɗinta da kansa shekara huɗu da suka wuce, ya san mutum nawa za su jera a kanta. Ya juya ya ce wa dogarai su shigo da bayin. Kafin magariba an shigo da su, aka cika wuriya da tubali da turame da duk abin da aka samu. Galadima da kansa ya cire babbar riga yana miƙa tubali.

Kwana ɗaya ya wuce babu kowa. Galadima ya fara gaisuwar ba'a, yana tambayar Iya ko kurayen sun aiko da saƙo. Matan suka fara zamewa gida ɗaya-ɗaya, wai za su duba tukunya. Ita kanta Iya ta fara tunanin ko ta tona asirin gidansu a banza.

A rana ta biyu da hantsi wani maharbi ya nuna da baki. Can ƙarshen gona busassun rassan da suka toshe hanya suna motsi. Aka janye su gefe. Dakaru suka fara shigowa bibbiyu, ba ganga, ba tuta, garkuwoyinsu a baya, wasu ɗauke da tsani. A gabansu wani mutum ne mai shuɗin rawani a kan jaki yana nuna hanya.

"Na san shi," in ji Galadima. "Ya ci tuwo a gidana."

Matan da suka rage suka kwanta a bayan katanga. Shugaban maharba ya matso kusa da Iya.

"Uwa, mu saki?"

"Tukuna."

Suka ci gaba da kwararowa, suka bazu cikin auduga, karan na kai musu ƙirji. Sun fi dubu. Na gaba sun wuce rijiyar farko, sun wuce ta biyu. Iya tana jin ƙarar karan auduga a ƙarƙashin ƙafafunsu. Ta jira har na ƙarshe suka baro bakin hanya, na farko kuma suka iso tarin audugar da aka jibge. Sannan ta ɗauki tsumma da hannunta, ta tsoma a garwashi, ta miƙa wa maharbin.

"Ni na sa. Kowa ya shaida."

Kibau talatin suka tashi. Tarin audugar ya kama kamar an zuba masa mai, iska ta ɗauki wutar ta shimfiɗa ta a kan gona. Mata suka miƙe suna jefa tukwanen garwashi cikin ƙayar gindin ganuwa, busasshiyar ƙaya ta shekaru ta ɗauka da ƙara. Darambawan da ke gaba suka ruga wuriya suka tarar da tubali. Wasu suka kafa tsani biyu ta cikin hayaƙi, Nasamu da dogarai suka tunkuɗe ɗaya, ɗayan kuwa mutum bakwai suka hau ta kansa, aka yi sara a kan ganuwa har Galadima ya sami rauni a kafaɗa kafin a gama da su. Sauran suka juya da gudu, wuta na bin su, suka cushe a hanyar da ba ta ɗaukar fiye da jaki biyu, ƙaya dama da hagu. Waɗanda suka fita ba su kai ɗari uku ba.

Hayaƙin ya tashi har aka hango shi daga Mashigin Kuka. Sarkin Darambe na can da dawakinsa yana jan lokaci, yana jiran labarin an buɗe masa gari daga ciki. Da ya ga baƙin hayaƙi a yamma ya gane abin da ya sami dakarunsa, ya sa aka naɗe tutoci. Madawaki ya haye ruwa ya bi su har la'asar.

Kwana biyu wutar na ci. A rana ta uku runduna ta dawo da ganguna. A kasuwa an riga an gama labari: iskokin sarƙaƙiya ne suka hura wa maƙiya wuta, kamar yadda masu duba suka faɗa. Amma babu mai iya hana jama'a hawa ganuwa yanzu, kuma duk wanda ya hau ya ga abin da toka ba ta rufe ba. Kunyoyin gona ne a jere tiryan-tiryan, da bakin rijiyoyi biyu, da hanya. Daga gindin ganuwa har daji babu abin da zai tare ko ɗan maraƙi.

Sarki ya hau da dukan majalisa, masu zaɓen sarki biyar na bayansa. Ya tsaya ya dubi filin, ya daɗe. Sannan ya juyo, ya ɗaga murya don na ƙasa su ji.

"Jama'ar Sangaru, mun ba da amanar ganuwa, an ci amanar. An sa ƙarfe a ƙayar kakanninmu, an yi mana ƙarya a gaban majalisa, har muka ƙaryata uwarmu. A kama Galadima Nagoma. A kai shi bakin kasuwa kafin rana ta faɗi."

Dogarai suka riƙe Galadima, kafaɗarsa a ɗaure da tsumma. Bai yi gardama ba, bai kuma dubi Sarki ba. Yana da 'ya'ya goma sha ɗaya a cikin birni, ya san abin da zai same su in ya buɗe baki.

Madawaki ya matso gaba ya durƙusa. "Allah ya ba ka nasara. Kafin a zubar da jinin Galadima, al'ada ce a ji shaida." Ya juya. "Iya, ke kika fara gani, ke kika faɗa muka ƙi ji. Gonar nan ta Galadima ce?"

Sarki ya dube ta. "Gwaggo," ya ce a hankali, sunan da bai taɓa kiranta da shi a gaban jama'a ba.

Iya ta dogara sandarta ta miƙe tsaye sosai. Ta dubi masu zaɓen sarki ɗaya bayan ɗaya.

"Galadima tsaro ya yi, ya kuma yi ƙarya a majalisa. Ni na sa wuta, ba iskoki ba. Na san mai gonar tun kafin ku fita yaƙi, na yi shiru. Gonar ta Sarki ce."